Kafin A Saki Iri A Tabki, A Tambaya: Wa Zai Zauna Da Wa?



Duk shekara in damina ta ja baya tabkuna suka cika, sai maganar sakin irin kifi ta taso. Wani wuri furoje ne ke kawo iri, wani wuri ƙungiyar masunta ce ke haɗa kuɗi ta sayo, wani wuri kuma saurayi ne ya dawo daga cin rani da ɗan abin da ya tara, ya gina kwamin siminti a bayan gida ko ya kafa tamfol a garka. Abin farin ciki ne wannan, ba mai ja. Sai dai ranar sakin iri, tambayoyin da ake yi su ne: guda nawa aka kawo, nawa aka kashe, wa ya bayar? Ba kasafai za ka ji an ce wane kifi ne zai zauna da wane, ko ruwan zai ɗauke su duka ba.

Ni a ganina wannan tambayar ita ce gaba da sauran. Wanda ya tsallake ta, ko iri na kyauta aka ba shi, yana iya cika wata shida yana jira, ranar su ta zo ya tarar da abu biyu: ko dai ƴan mitsi-mitsin kifi da ba mai saye, ko kuma wasu ƙatti ƴan ƙalilan da suka cinye sauran. Kuma darasin nan, abin mamaki, wani ɗan kifi ne da bai kai tsawon ɗan yatsa ba ya fi kowa koyar da shi.

A gabashin Afirka akwai wani babban tabki, Tanganyika, wanda ƙasashe huɗu suka kewaye: Tanzaniya, Kwango, Burundi da Zambiya. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 670, zurfinsa mita 1,470, duk duniya tabkin Baikal na Rasha kaɗai ya fi shi zurfi. A cikinsa akwai dangin karfasa iri-iri, wajen kala 250. Cikin waɗannan akwai wasu ƙanana da ba su da gida sai katantanwa. In dodon koɗi ya mutu ya bar kwansonsa a ƙasan ruwa, sai su shige ciki su mai da shi ɗaki. Nan suke kwana, nan suke ɓuya, nan mace ke zuba ƙwai ta reni ƴaƴanta. Ruwan tabkin yana da ɗan kanwa-kanwa, shi ya sa katantanwar ba ta saurin narkewa, har ta taru fage-fage a ƙasan ruwa. Wanda ya fi shahara cikinsu masana na kiransa Neolamprologus multifasciatus. Namijinsa bai wuce santimita 5 ba, macen kuwa wajen rabin haka.

Masu kiwon kifin kallo a akwatin gilashi, a Turai da Amurka da Japan, suna son wannan kifi ƙwarai, don ƙaraminsa ne kuma yana da hali. Yana ɗibar rairayi da baki yana tofarwa gefe, yana gyara ƙofar ɗakinsa, in wani kifi ya matso kusa ya taso masa ko da ya ninka shi girma. To, tambayar da sababbin masu kiwo suka fi yi ita ce: akwatina ƙarami ne, bai wuce lita 40 ba, wato jarka biyu, wane kifi zan ƙara masa don wurin ya yi kyau? Amsar da tsofaffin hannu ke bayarwa guda ce: kar ka ƙara kowa. In kana son ƙari, nemi babban akwati, sannan ka zaɓi kifin da ke yawo a saman ruwa, ko wanda ke zama cikin duwatsu can gefe, wanda ba ruwansa da fagen katantanwa. Kar ka sa mai kiwo a ƙasa, don za su yi ta faɗa a kan fili. Kar ka sa mai babban baki, don zai bi dare ya tsince ƴaƴan. Kar ka sa wanda bai saba da ruwa mai kanwa ba, don ɗayansu zai wahala.

Ka ga ƙa'ida uku ke nan: a dubi wurin zama, a dubi faɗin baki, a dubi irin ruwa. Mutanen da ke kiwon kifi don kallo kawai, ba don ci ba, ba don sayarwa ba, sun tsaya sun yi wannan lissafi a kan ruwan jarka biyu. Yo mu da abincin yara da jarin matasa ke cikin ruwan, ina dalilin da za mu zuba kifi a tabki kamar ana zuba tsaba wa kaji?

Wani zai ce ai tabki ba akwatin gilashi ba ne, tabki fili ne. Haka ne, amma a watan Satumba. Mu da muke zaune a yankin Korama mun san yadda abin yake. Ruwan saman da muke samu a matsakaiciyar shekara bai wuce milimita 500 zuwa 600 ba, cikin wata uku zuwa huɗu. Abin da rana da iska ke kwashewa daga fuskar ruwa a shekara kuwa ya haura mita biyu. Ga injinan ban ruwa na masu rake da kayan lambu, ga dabbobi na sha. Tabkin da ka gani shimfiɗe da kaka, in bazara ta yi sai ka tarar ya koma ɗan kududdufi, ruwan ya yi zafi, ya yi kauri, wani wuri har kanwa ta fito fari a gefensa. Duk kifin da aka saki lokacin yalwa, a cikin wannan ɗan ruwan za su matsu. Saboda haka girman tabki na gaskiya shi ne girmansa a watan Afrilu da Mayu. Da shi ya kamata a yi lissafi. A wannan lokacin, tabkunanmu da yawa ƙaramin akwati ne.

Bari mu ɗauki kifayen da aka fi saki a tabkunan ƙasar nan ɗaya bayan ɗaya.

Karfasa, wadda wasu ke ce wa gargaza, ƴar uwar wancan kifin katantanwa ce, dangi ɗaya suke. Ita ma tana da fili. Namiji ne ke haƙa ɗan rami kamar kwano a ƙasan ruwa, inda ba zurfi, ya tsare shi. Mace ta zo ta zuba ƙwai, sannan ta kwashe su a bakinta, ta riƙe su har su ƙyanƙyashe, kusan mako biyu ba ta cin abinci. Abincin karfasa mai sauƙi ne: koren ruwa, ƴan ƙwari, dusa. Shi ya sa ta dace da talaka. Amma matsalarta haihuwa. Tana wata biyar zuwa shida take fara zuba ƙwai, in wuri ya matse ma tun tana ƙarama, kuma in ruwa da ɗumi bayan kamar wata guda ta sake. Mu yi lissafi mai sauƙi. A ce an saki iri 1,000 ba a tantance ba, rabi mata ne, 500 ke nan. A ce kowace ta fitar da ƴaƴa 200 sau ɗaya tak. An sami 100,000. Ko ɗaya cikin goma ne ya rayu, bakuna 10,000 sun ƙaru a kan abincin da aka tanada wa 1,000. Daga nan girma ya tsaya. Kifi ya yi yawa, amma kowanne kamar ganyen magarya, ƙaya ta fi nama. Wannan shi ne abin da ke sa masunta su ce tabki ya cika da kifi amma ba kifi.

Maganin wannan iri biyu ne. Na farko a tantance, a saki maza zalla, don namiji ya fi mace saurin girma tun da ba ya azumin renon ƙwai. In iri ya kai kamar giram 30 ana iya gane jinsinsa da ido: a juya cikinsa, a dubi ɗan tsiron da ke bayan dubura, na namiji ƙofa ɗaya gare shi, na mace biyu. Aiki ne na haƙuri, kuma a kwami ko ƙaramin rami yake yiwuwa. Na biyu a sa mata maƙwabcin da zai riƙa rage ƴaƴan. Nan ne tarwaɗa ke shigowa.

Tarwaɗa jaruma ce. Tana shaƙar iskar sama, saboda haka ruwan da zai kashe wani kifi ita tana rayuwa a cikinsa. In abinci ya wadata tana kai rabin kilo zuwa kilo guda cikin wata shida. Kasuwarta kuma a buɗe take, ɗanya ko banda. Amma duk abin da ya shiga bakinta abinci ne, har ƴan uwanta. Wanda ya taɓa sayo ƴaƴan tarwaɗa daga masu ƙyanƙyasa na Kano ya san haka: cikin ƴan makonni wasu sai su yi wa sauran fintinkau, in ba a ware su ba, su ne za su riƙa haɗiye ƙananan da dare. Mai kwami ya yi ta zuba abinci mai tsada, yana zaton yana ciyar da 500, alhali saura 200. Shi ya sa masu sana'ar ke tace su da girma duk bayan kamar mako biyu a farkon kiwo, manya gefe, ƙanana gefe.

To haɗa tarwaɗa da karfasa abu ne mai kyau, ana yin sa a ƙasashe da yawa, amma yana da tsari. Karfasa ake fara saki, a bar ta wata ɗaya ko biyu ta yi ƙwari, jikinta ya fi ƙarfin baki. Sannan a kawo tarwaɗa ƙanana, ƴan kaɗan, waɗanda bakinsu ba zai iya da uwar ba sai ƴaƴan da za a haifa. In aka yi haka, tarwaɗa ta zama ma'aikaciya: tana rage cunkoso, tana mai da ƴan mitsi-mitsin da ba su da kasuwa nama mai kuɗi. In aka juya tsarin, aka zuba ƴaƴan karfasa a ruwan da manyan tarwaɗa ke ciki, to an ba kura ajiyar nama. Kuɗin iri ya zama kuɗin abincin tarwaɗa na mako guda. A Kodebuwa ma haka suke yi, sai dai su wani ɗan ƙaramin kifi maci-nama suke sawa, shi ma dangin karfasa, wanda ba ya girman da zai taɓa manyan.

Sai giwan ruwa. Nan ne nake son mu tsaya sosai, don shi ne kifin da kowa ke sha'awa. Namansa fari ne, ƙayarsa kaɗan, kuɗinsa ya fi na sauran. Kifin ƙasarmu ne kuwa, yana cikin kogin Kwara da tabkin Cadi tun fil azal. Amma kifin babban ruwa ne. Yana iya kai tsawon mita biyu da nauyin kilo 200. Ba ya cin dusa, ba ya cin koren ruwa, kifi yake ci. Ba ya shaƙar iskar sama kamar tarwaɗa, yana bukatar ruwa mai wadatar iska, kuma sai ya yi kimanin shekara uku kafin ya fara haihuwa. Ka ɗauki wannan kifi ka sa shi a tabkin da ke komawa kududdufi da bazara, me kake tsammani? Da kaka da ɗari zai cinye karfasar. Da bazara, in ruwa ya yi zafi iska ta yi ƙaranci, musamman da asuba lokacin da koren ruwa ya kwana yana shanye iskar, shi zai fara mutuwa. An yi biyu babu: ba karfasa, ba giwa.

Kar a ce faɗa ce kawai. Duniya ta ga wannan a babban fage. Tabkin Biktoriya, tsakanin Uganda, Kenya da Tanzaniya, shi ne mafi faɗi a Afirka, kimanin murabba'in kilomita 68,000. A da yana da ƙananan dangin karfasa sama da kala 500, waɗanda talakawan bakin ruwa ke kamawa su shanya a rana su ci. A shekarun 1950, zamanin mulkin Ingila, aka saki giwan ruwa a ciki don a sami kifi mai kuɗi. Shekaru wajen ashirin ba a ga wani abu ba. A shekarun 1980 sai ya yi yawa, kuma masana sun ƙiyasta cewa kusan kala 200 na waɗancan ƙananan kifaye sun ɓace, ko da yake gurɓatar ruwa ma ta taimaka. Gaskiya ne an sami kuɗi, an kafa masana'antun yanka kifi a garuruwa irin su Mwanza, ana kai tsokar Turai. Amma ƙaramin masunci mai ɗan kwalekwale ya koma baya, mai babban jari ya wuce gaba. Kuma da yake naman giwan ruwa na da mai, ba ya shanyuwa a rana sai an yi banda, sai aka shiga saran itace. Mu da muka san wahalar da iyayenmu suka sha kafin gawo ya sake rufe gonakin Magaria, wannan kaɗai ya isa mu yi tunani. In tabki mai faɗin ƙasa guda bai iya da shi ba, ina ga namu?

Ban ce kar a saki giwan ruwa ko'ina ba. Tabki mai zurfi, mai ruwa shekara zagaye, wanda karfasa ta riga ta cika shi ta cunkushe, yana iya amfana da shi in masana sun auna sun ga ya dace. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki tsari ɗaya a shafa wa kowane ruwa, a zuba kala uku rana ɗaya, girma ɗaya, a yi hoto a watse.

Akwai kuma wanda ba a gayyata ba amma yana nan: gaiwa. Tabkin da ya ƙafe ƙurmus, kar ka ɗauka ba kowa a ciki. Gaiwa na ƙarƙashin busasshen laka, ta naɗe kanta, tana shaƙar iska ta ɗan rami, tana cin jikinta kamar yadda Hausawa ke faɗa, har ruwa ya dawo. In ta fito da yunwar wata bakwai, dodon koɗi, kwaɗi, ƙananan kifi, duk nata ne. Haka tarwaɗar da ta maƙale a ɗan ruwan da ya rage, ko wadda ambaliya ta kawo daga wani tabki. Ga guza, ga zalɓe. Saboda haka kafin a ce me za a saka, a fara sanin me ke ciki. Jefa birgi sau goma a wurare daban-daban, da tambayar dattawan masunta, ya isa ya ba da amsa. Ba ya cin ko dala.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu na da nauyi. Za su ce: malam, iri kyauta aka kawo mana, mu ce ba mu so? Wanda aka ba kyauta ba ya zaɓe. Amsata ita ce, irin ne kyauta, ruwan ba kyauta ba ne. Ruwan namu ne, kuma shekara guda ce za ta tafi in aka yi kuskure. Ban da haka, kifin da aka saki a tabki mai ruwa shekara zagaye ba ya fita. Akuya in ta yi ɓarna ana kama ta a ɗaure, amma wa zai shiga tabki ya tsince giwan ruwa ɗaya-ɗaya? Mai kawo iri in da gaske taimako ya zo yi, ba zai ji haushi ba don an ce masa tabkinmu na ƙafewa a watan Maris, kawo mana tarwaɗa kawai. Hasali ma zai fi son haka, don shi ma rahoton nasara yake nema.

Wasu kuma za su ce: iyayenmu sun yi su shekara da shekaru ba su san wannan lissafi ba. A'a, sun sani, sai dai ba a takarda ba. Sarkin ruwa da ke hana shiga tabki sai ranar da aka buɗe su, me yake yi in ba ba kifi lokacin girma da haihuwa ba? Masuncin da ke saƙa taru mai faɗin ido, ai ƙanana yake bari su wuce. Abin da ya sauya shi ne, a da ruwa ne ke kawo kifinsa da kansa, yanzu mu ne muke ɗauko shi a mota daga wani wuri mu zuba. Tun da mun karɓi aikin zaɓe, dole mu karɓi nauyinsa.

Na uku za su ce: talauci ne, mutum ba zai iya jiran wata shida yana kallon kifi a ruwa yara na kuka ba. Wannan ita ce magana mafi ƙarfi, kuma ba na raina ta. Amma a duba: wanda ya shiga da gidan sauro ya tace tabki wata biyu bayan sakin iri, abin da zai samu ɗan kwano ne na ƴaƴan kifi, miyar kwana biyu. Waɗannan ƴaƴan da an bar su, buhu ne. Kuma ba rabonsa kaɗai ya ci ba, har na maƙwabcinsa da ya yi haƙuri. Ga gidan sauron nan an jiƙa shi da maganin ƙwari, an ba mu shi don zazzaɓin cizon sauro, mun raba yara da shi mun kai ruwa. Maganin yunwar wata shida shi ne a tsara tun farko: a bar wani tabki a buɗe don ƙugiya da mamari, a rufe wanda aka saka wa iri, kowa ya san ranar buɗewa, kowa ya san rabonsa.

Wannan ya kawo mu ga sauran maƙwabtan kifi, waɗanda ba su da ƙaya. Tabki a wurinmu ba na masunta kaɗai ba ne. Makiyayi na shayar da dabba, mai garka na ja da inji, mata na wanki, magina na ɗibar laka. Kowanne yana da haƙƙi, kuma kowanne yana iya kashe kifin ba da niyya ba. Mai feshin maganin ƙwari a kan tumatir ko kabeji, in ya gama ya wanke famfonsa a bakin tabki, ya zuba wa karfasa guba. Injina biyar a kan ƙaramin tabki suna iya rage masa wata guda na rayuwa. Kashin shanu kaɗan taki ne, yana kawo koren ruwan da karfasa ke ci, amma in ya yi yawa a ɗan ruwan bazara shi ke shanye iska. Kacala kuwa, wadda ta addabi tabkuna da dama a jiharmu, in ta rufe gefen ruwa ta cinye daidai wurin da namijin karfasa ke haƙa raminsa, ta hana taru shiga. Duk wanda ba a zauna da shi ba kafin sakin iri, za a haɗu da shi bayan saki, kuma a lokacin ba da fara'a ba. Mun ga yadda rigimar mashaya da burtali ke farawa daga ƙaramin abu.

To me nake ba da shawara? Abu biyar, kuma ba wanda ya fi ƙarfinmu.

Na ɗaya, kowane tabki a san ajinsa. Wanda ke ƙafewa kafin ɗari ya fita, wanda ke kaiwa bazara, da wanda ba ya ƙafewa. Na farko in za a saka masa wani abu to tarwaɗa ce, mai ɗan girma, a kwashe ta kafin ruwa ya tafi. Na biyu karfasa a gaba, tarwaɗa ƙanana daga baya. Na uku ne kaɗai za a yi maganar giwan ruwa, shi ma bayan an auna zurfinsa a bazara.

Na biyu, a dubi lokaci. Karfasa kifin ɗumi ce. In sanyin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 cinta da girmanta na raguwa sosai. Irin da aka saki a tsakiyar hunturu zai zauna ne kawai yana jiran mai cinye shi. A saki da wuri, tun ruwa na da ɗumi, ya fi.

Na uku, mai kwami ko tamfol ya ɗauki shawarar masu akwatin gilashi kai tsaye: a ƙaramin wuri, kala ɗaya, girma ɗaya. Kar ka ce bari in jefa karfasa goma cikin tarwaɗa don in gwada. Kar ka ƙara sabon iri a kan tsoho. In kana son kala biyu, gina kwami biyu. Ƙanina, kuɗin da ka sha rana a Kano ko Agadas ko Libiya ka tara, kar ka bari rashin tambaya ya cinye shi.

Na huɗu, a sa ma'aikatan gandun daji da muhalli a ciki tun farko, ba sai ranar kamu ba. Ƙasar nan na da dokar su tun 1998, an kuma sabunta ta a 2021 ta haɗa da kiwon kifi. Su da guba, ko magimfa ce ko maganin feshi, haramun ne a doka. Amma mu ma muna roƙon ma'aikatan: a riƙa zuwa da ilimi kafin a zo da takardar tara. Masunci in ya gane dalili, shi zai tsare ruwan da kansa.

Na biyar, a rubuta. Littafi ɗaya na ƴan lakwal a hannun sakataren ƙungiya: ranar saki, wane iri, guda nawa, girmansa, ranar buɗe su, abin da aka kama. Shekara uku in aka yi haka, Bande za ta koya daga Wacha, Gouchi ta koya daga Dogo-Dogo. Tun 2011 aka raba Dungass da Magaria kowace ta zama gunduma, amma ruwan Korama bai san da wannan iyaka ba, masunta ma haka. Ya kamata hukumomin komin na ɓangarorin biyu su riƙa musayar abin da suka gani. A jiharmu ta Damagaram akwai tabkunan da duniya ta san da su: na Lasuri ya shiga jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2005, na Gidimuni a 2019. Namu ƙanana ba su cikin wani jeri, ba wanda zai zo daga nesa ya kula mana da su.

Jama'a, kifi yana da wurin zama a yankin nan. Muna da ruwa kusa da ƙasa wanda wasu jihohi ke nema ido rufe, muna da dusa, muna da kasuwa a gida da ƙetaren iyaka, daga Magaria har Maigatari, muna da matasa masu neman abin yi da zai hana su bin hamada. Abin da ya rage shi ne mu daina ɗaukar kifi duk kifi ne. Manomi ba ya haɗa iri a rami sai ya san wanda zai danne wani. Mai kiwo ba ya ɗaure ɗan akuya da ingarma a turke ɗaya. Masunci da mai kwami su ma haka ya kamata.

Bana in aka zo da maganar sakin iri a tabkin garinku, kar a ji kunyar ɗaga hannu. A tambaya: me ke cikin ruwan yanzu? Ina yake tsayawa da bazara? Wanda za a saka, me yake ci, kuma wa zai ci shi? In an sami amsa, a saki da bismilla. In ba a samu ba, a dakata mako guda a nemo ta, iri ba zai ƙare a duniya ba.

Masunta da masu kiwo da ke biye da mu, ku faɗa mana abin da kuka gani a naku ruwan, wane haɗi ya yi muku kyau, wane ya ba ku kunya, don na baya su amfana. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa tabkunanmu su ciyar da mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.